Yadda ake gano iyakar tsayin da ƙwallo ke kaiwa idan an jefa ta sama

Tambayar ƙwallon da aka jefa sama ba baƙuwa ba ce ga ɗan sakandare a Ghana. Tana zuwa a darasin lissafi, tana zuwa a fiziks, kuma mai shirin jarrabawar WASSCE da wuya ya gama bitar tsofaffin tambayoyi bai ci karo da irinta ba. Akan ba ka layi ɗaya irin wannan, h = −5t² + 20t + 1.5, a ce ka faɗi iyakar tsayin da ƙwallon za ta kai. Aikin hawa biyu ne. Da farko ka gano lokacin da ƙwallon ta daina hawa, sannan ka gano inda take a wannan lokacin. Yawancin masu faɗuwa a hawa na farko suke tsayawa, su miƙa lokaci a matsayin tsayi.

Kayan aiki

Na kan tebur ba su da yawa: takarda, fensir, rula, da kalkuleta irin wadda ake shiga jarrabawa da ita. Casio fx-991ES Plus ce a hannun ɗalibai da yawa, don haka da maɓallanta zan yi misali. Takardar giraf tana da amfani amma ba dole ba ce. Idan babu, ka zana jadawali a littafin rubutu.

Idan kana son ka gwada abin da hannunka, ƙara waɗannan: ƙwallon tenis ko wata ƙaramar ƙwallo mai ɗan nauyi, tef ɗin awo irin na magina ko na tela, waya mai ɗaukar bidiyo, da abokin da zai riƙe maka wayar. Sai fili wanda babu wayar lantarki a samansa. Lungunan Nima da Mamobi a Accra ba wurin wannan aiki ba ne, ga wayoyi ga rufin kwano. Filin makaranta ko fili irin na Kawukudi ya fi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Tsayin ƙwallo a kowane lokaci yana bin wannan tsari: h = at² + bt + c. Shi ne ake kira kwadiratik, saboda t ɗin da aka ninka da kansa. Harafin h tsayi ne daga ƙasa, a mita. Harafin t lokaci ne tun daga barin ƙwallon hannu, a sakan.

Lambobin uku kowace da aikinta. c ita ce tsayin da ƙwallon take a lokacin da ta bar hannu. b ita ce gudun da ta tashi da shi zuwa sama. a kuwa rabin ƙarfin jan ƙasa ce, kuma kullum tana ɗauke da alamar debewa, domin ƙasa janyo ƙwallon take yi. Jan ƙasa yana rage gudun ƙwallo mai hawa da kusan mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan ɗaya. Rabinsa 4.9 ke nan. Masu tsara tambaya sukan ce a ɗauke shi 10 don sauƙi, sai rabin ya zama 5.

Idan ka zana h da t a giraf, siffar da za ta fito kamar ƙwarya ce a kife, ɓangaren hagu daidai da na dama. Sunanta farabola, kuma tun a 1638 Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa irin wannan hanya yake bi. Ƙololuwar ita muke nema, kuma tana tsakiya cif. Duk hanyoyin da ke ƙasa a kan wannan daidaito na hagu da dama suka dogara.

Mataki na 1: Jera lissafin, ka fitar da a, b da c

Sake rubuta abin da aka ba ka, mai t² a gaba, mai t a tsakiya, lamba tsura a ƙarshe. Da gangan ake hautsina su. Idan ka ga h = 1.5 + 20t − 5t², kada ka ce a ita ce 1.5 don ita ce ta farko. Rubuta su a gefe, kowace da alamarta:

a = −5
b = 20
c = 1.5

Alamar debewar nan ta a ce, ba ado ba ce. Idan a ɗinka ta fito ba tare da ita ba, ka koma ka duba abin da ka kwafa, domin farabola mai a sama da sifiri ba ta da ƙololuwa, gindi gare ta.

Wani lokaci ba a ba da lissafin, sai dai labari: an jefa ƙwallo sama da gudun mita 14 a sakan daga tsayin mita 1.8. A nan kai za ka gina shi. Gudun shi ne b, tsayin farawa shi ne c, a kuma −4.9 ko −5, gwargwadon abin da tambayar ta ce. Ya zama h = −4.9t² + 14t + 1.8. Idan an ce daga ƙasa aka buga ta, c sifiri ce.

Duba ma'auni tun yanzu. Gudun da aka bayar da kilomita a awa sai an raba shi da 3.6 kafin ya shiga: kilomita 72 a awa daidai yake da mita 20 a sakan. Santimita 150 mita 1.5 ce. Wanda ke koyo daga bidiyon malaman Amurka zai riƙa ganin −16t². Ba kuskure ba ne, su da ƙafa suke awo, jan ƙasa a wurinsu ƙafa 32 ne. Amsar irin wannan lissafi a ƙafa take fitowa, kuma ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce. Kada dai ka haɗa −16 da gudun da ke a mita.

Mataki na 2: Gano lokacin da ta kai ƙololuwa

Fomular ita ce t = −b ÷ 2a. A misalinmu:

t = −20 ÷ (2 × −5)
t = −20 ÷ −10
t = 2

Sakan 2 ke nan. Dalilin fomular a fili yake idan ka duba: ƙwallon ta tashi da gudun 20, kowane sakan ƙasa tana cinye mata 10, to bayan sakan 2 gudun ya ƙare. A wannan ɗan lokaci ba ta hawa, ba ta kuma fara sauka ba.

Idan t ya fito ƙasa da sifiri, alama ɗaya ta ɓace maka. Mai manta debewar a zai samu −2, kuma idan ya ci gaba da shi zai ƙare da tsayin −58.5, wato ƙwallo a cikin ƙasa. Wuri ɗaya ne t ke fitowa ƙasa da sifiri bisa gaskiya: idan ƙasa aka wurga ƙwallon tun farko, kamar daga saman bene. A nan iyakar tsayinta shi ne inda ta faro, wato c.

A kalkuleta, sa 2 × −5 a cikin baka biyu. Idan ka danna −20 ÷ 2 × −5 haka kawai, na'urar za ta raba tukuna sannan ta ninka, ta ba ka 50.

Mataki na 3: Mayar da lokacin cikin lissafin

Nan ne amsar take. Duk inda ka ga t, sa 2:

h = −5(2)² + 20(2) + 1.5
h = −20 + 40 + 1.5
h = 21.5

Iyakar tsayin mita 21.5 ne daga ƙasa.

Yi hankali da ɓangaren farko. Lambar 2 kaɗai ake ninkawa da kanta, ta ba da 4, sannan a ninka da −5. Wanda ya fara ninka −5 da 2 ya samu −10, sannan ya ninka wannan da kansa, zai samu 100, amsarsa ta zama mita 141.5. Hannun ɗan Adam ba ya kai ƙwallo can. Duk lokacin da amsa ta fito, ka tambayi kanka ko mutum zai iya wannan jifar.

Sake karanta tambayar kafin ka ja layi a ƙarƙashin amsa. "Tsayi daga ƙasa" 21.5 ne. "Nawa ta hau daga inda aka jefa ta" kuwa 20 ne, domin sai ka cire 1.5. Idan an tambayi lokaci, 2 ne. Rubuta ma'aunin, mita ko sakan, kuma kada ka tsallake layukan aiki. Masu duba takardun WAEC suna ba da maki a kan hanya daban, a kan amsa daban, don haka wanda ya nuna aikinsa ya yi tuntuɓe a ƙarshe ba ya tashi hannu rabbana.

Ga na biyun, mai 4.9, wanda lambobinsa ba su da daɗin sha'ani:

t = −14 ÷ (2 × −4.9) = 14 ÷ 9.8 = 1.4286
h = −4.9(1.4286)² + 14(1.4286) + 1.8 = −10 + 20 + 1.8 = 11.8

Malamai sukan hana a taƙaita lamba a tsakiyar aiki, kuma da gaskiyarsu. Sai dai a wannan wuri ɓarnar kaɗan ce. Ko ka sa 1.4 maimakon 1.4286, za ka samu 11.796, saboda kusa da ƙololuwa ƙwallon kusan a tsaye take. Abin da ke canza amsa sosai shi ne sa 5 inda aka ce 4.9: da 5 amsar za ta koma 11.6. Bi abin da takardar ta ce.

Mataki na 4: Gwada amsar

Ɗauki lokaci biyu masu nisa ɗaya da ƙololuwa, ɗaya kafinta ɗaya bayanta. Ga misalin farko, t = 1 da t = 3.

A t = 1: −5 + 20 + 1.5 = 16.5
A t = 3: −45 + 60 + 1.5 = 16.5

Sun zo ɗaya, kuma duka biyun ba su kai 21.5 ba. To ƙololuwarka tana inda ya kamata. Idan suka bambanta, matsalar a mataki na 2 take. Gwajin ba ya cin minti ɗaya.

A Casio ɗin, MODE sannan 7 yana buɗe jadawali. Shigar da lissafin da X a madadin t, fara daga 0, ƙare a 4, tazara 0.5. Za ka ga lambobin suna hawa har 21.5 sannan su sauko ta matakan da suka hau.

Idan fomular ta ɓace maka, ko an ce a bi wata hanya

Cika murabba'i. Wannan tsohuwar dabara ce, al-Khawarizmi ya bayyana ta a Bagadaza tun wajen shekara ta 820. Idan tambaya ta ce a rubuta lissafin a siffar a(t − p)² + q, ita ake nufi. Fitar da −5 daga ɓangarori biyu na farko kawai:

h = −5(t² − 4t) + 1.5

Lura cewa 20 ta koma −4, domin −5 sau −4 ne ke ba da 20. Ɗauki rabin 4, wato 2, ka ninka shi da kansa, 4. Ƙara shi ka kuma cire shi a cikin bakan:

h = −5[(t − 2)² − 4] + 1.5
h = −5(t − 2)² + 20 + 1.5
h = −5(t − 2)² + 21.5

Inda ake zamewa shi ne fitar da −4 daga baka ba tare da an ninka ta da −5 ba. Kyawun hanyar shi ne amsa biyun suna zaune a layi ɗaya. Abin da aka ninka da kansa ba ya sauka ƙasa da sifiri, saboda haka −5(t − 2)² kullum ragi yake yi wa 21.5, sai a t = 2 da ragin ya zama babu.

Tsakiyar saiwoyi biyu, wato lokuta biyun da h ke zama sifiri. Idan daga ƙasa aka buga ƙwallon, wannan ta fi kowace sauri. Ɗauki h = −5t² + 15t. Ka daidaita shi da sifiri: 5t(3 − t) = 0, wato t = 0 ko t = 3. Tsakiyarsu 1.5. Mayar da shi: −11.25 + 22.5 = 11.25.

Gargaɗi a nan, ƙanena: "rabin lokacin da ta yi a sama" yana aiki ne kawai idan ƙwallon ta sauka a daidai tsayin da ta tashi. A misalinmu na farko ta bar hannu a mita 1.5 ta faɗi ƙasa, tafiyar duka sakan 4.07, rabinta kusan 2.04, ba 2 ba. Daga hannu bambancin kaɗan ne. Daga saman bene mai hawa uku kuwa amsar za ta kauce sosai. Idan kana son ka bi wannan hanya duk da haka, haɗa saiwoyin biyu har da mai alamar debewa, 4.07 da −0.07, ka raba biyu, 2 zai dawo. MODE, 5, 3 yana ba ka saiwoyin.

Wanda ya yi kalkulas a darasin lissafin zaɓi yana da gajeriyar hanya: dh/dt = −10t + 20, a daidaita da sifiri, t = 2. Daga nan ya koma mataki na 3 kamar kowa.

Akwai kuma ta 'yan fiziks, wadda ba ta bi ta lokaci sam: hawan ƙwallo daidai yake da gudu sau gudu, a raba da ninki biyu na jan ƙasa. 400 ÷ 20 = 20, a ƙara 1.5. Tana da kyau wajen duba amsa, amma ana yawan manta ƙarin c ɗin.

Ƙwallon da aka buga a karkace

Mai tsaron gida ba ya buga ƙwallo sama sak, gaba da sama take tafiya tare. Tsayi bai damu da gudun gaba ba, na sama kawai ya sani. Idan an ba ka gudu da kusurwa, ninka gudun da sin na kusurwar kafin ka sa shi a b. Gudun mita 20 a sakan a kusurwar digiri 30: sin 30 rabi ne, b ta zama 10. Lissafin h = −5t² + 10t, t = 1, tsayi mita 5. Wanda ya zuba 20 ɗin kai tsaye zai samu mita 20, ninki huɗu na gaskiya.

Kafin ka danna sin, duba saman allon kalkuleta ko akwai ƙaramin D. Idan R ne, sin 30 zai ba ka −0.988. SHIFT, MODE, 3 yana mayar da ita digiri.

Wasu tambayoyin kuma ba sa kawo lokaci, sai nisa: y = −0.05x² + x. Aikin bai canza ba. x = −1 ÷ (2 × −0.05) = 10, y = −5 + 10 = 5. Amma 10 ɗin nan mita ce a ƙasa, nisan da ƙwallon ta yi gaba, ba sakan ba. Kuma a nan a ba ta zama dole 5 ko 4.9 ba.

Gwaji a fili

1. Tsaya yadda za ka yi jifa, abokinka ya auna daga ƙasa zuwa inda ƙwallon za ta bar hannunka. A ce mita 1.6. Wannan ita ce c.

2. Abokin ya ja baya kamar taku goma, ya saita wayar ta yadda hannunka zai fito sosai. Ba sai kyamara ta bi ƙwallon sama ba. Hannun ake so, lokacin saki da lokacin cafewa.

3. Jefa sama sak, ka cafe a daidai tsayin da ka saki. Idan ka durƙusa ko ka yi tsalle wajen cafewa, watsar da wannan jifar ka sake.

4. Fitar da lokacin daga bidiyon. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a sakan ɗaya idan ba a taɓa saitinsu ba. Buɗe bidiyon a manhajar gyaran bidiyo, ka ƙirga hotunan daga saki zuwa cafewa, ka raba da 30. Hoto 66 sakan 2.2 ke nan. Kada ka ɗauka da saitin tafiyar hawainiya sai in ka san adadin hotunansa.

5. Rabin lokacin shi ne hawa, 1.1. Gudun tashi 9.8 × 1.1 = 10.78. Lissafinka ya zama h = −4.9t² + 10.78t + 1.6. Sa 1.1 a ciki: −5.93 + 11.86 + 1.6 = 7.53. Kusan mita bakwai da rabi.

Ga mai gaggawa: ninka dukan lokacin da kansa, ka ninka da 1.225, ka ƙara tsayin hannu. 2.2 × 2.2 × 1.225 = 5.93, da 1.6, amsa ɗaya.

Idan babu bidiyo, agogon ƙirga sakan na waya zai yi, amma ka san rauninsa. Yatsa yakan makara da kusan kashi biyu cikin goma na sakan, kuma tunda ninka lokacin ake yi da kansa, kuskuren girma yake yi. Sakan 2.0 yana ba da mita 4.9, sakan 2.2 yana ba da 5.93. Mita guda ta shiga tsakani saboda jinkirin yatsa. Maganinsa a sa mutum uku su auna jifa ɗaya, a haɗa a raba uku. Auna jifa daban-daban a haɗa ba ya gyara komai, don kowace jifa da ƙarfinta.

Zaɓin ƙwallo ya fi duk wannan muhimmanci. Lissafin ya ɗauka cewa iska ba ta taɓa ƙwallon, alhali tana taɓawa. Ƙwallon roba mara nauyi irin ta yara, ko ta tebur, iska tana riƙe ta, saukowarta ta fi hawanta daɗewa, daidaiton hagu da dama ya lalace. Ƙwallon tenis a jifar da ba ta wuce mita goma ba tana ba da amsa mai kusa da gaskiya. Ranar da iska ke kaɗawa, musamman da hunturu, a bari sai ta lafa.

Wani zai ce ai jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Haka ne. Accra tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, jan ƙasa a nan kusan 9.78 ne, ya ɗan gaza na Turai. Idan ka sa 9.78 a gwajin da ke sama, hawan zai koma 5.92 maimakon 5.93. Santimita ɗaya ce, tef ɗinka da hannunka sun fi haka kuskure, don haka a fili ka riƙe 9.8, a jarrabawa kuma ka riƙe abin da aka rubuta a kan takarda.